Mai Askin da Ke Wanke Kan Leburori

Akwai wani mai aski a tsohon titin tsakiyar gari, ana ce masa Baba Almakashi. Sunansa na gaskiya ya kwanta mini, ku yi mini uzuri. Titin ya mutu tun da aka tashi tashar mota. Sai ga albishir: za a gina babban otal a filin tashar, da fitilu da sababbin shaguna. Gari ya ɗauka, kowa baki har kunne.

Da aka fara aiki, aka kafa shingen kwano, ya rufe shagon Baba ruf. Masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa.

Matarsa ta ce, "Malam, kafin otal ɗin nan ya tashi, mu mun kwanta."

Ya ce, "Bari dai mu gani."

Leburorin ginin kuwa gashinsu ya daskare da siminti. Wani mai aski mai shagon gilashi a bakin titi ya kore su, wai za su dakushe masa inji. Kuma gaskiyarsa, siminti na cin inji. Da suka zo wurin Baba, sai ya riƙa ɗumama ruwa, ya wanke kan mutum tas, ya goge, sannan ya aske. Kai ɗaya, wahalar biyu.

Wani birkila ya ce, "Baba, ko innata ba ta wanke ni haka ba."

"Da ta wanke, da kanka bai zama bulo ba. Sunkuya."

Ina muka tsaya? Yauwa. Da gini ya kusa ƙarewa, hukumar gari ta ce duk shagon da fuskarsa ta tsage, ko a gyara ko a tashi. Na Baba ya fi kowanne tsagewa, kuma ba shi da hali.

Ranar hutun leburorin sai ga su tururu. Birkila da cokalinsa, mai fenti da bokiti, mai wuta da tsani a kafaɗa. Ɗan kwangila ya ba su ragowar tayil.

"Baba, fita ka ba mu wuri. Yau shagon za mu yi wa aski!"

Da jami'in hukuma ya zo dubawa, ya kalli bango sama da ƙasa, ya ce shago ya tsaya. Har ya zauna aka rage masa gemu. Ranar buɗe otal, Baba bai sami zuwa kallo ba, layin masu jiran aski ya hana shi.

Darasi: Idan gari ya tashi, kada ka raina masu ƙura a ka, su suka ɗaga shi. Tura wa wani, ko zai sassauta wa na ƙasa da shi.