Irin Kuɓewar Gaiya

Madam Theresa tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ke zaune a Tunga, cikin Minna. Mace ce mai ƙwazo, amma ba ta iya jira ba. Abin da ta ƙudura da safe, so take ta ga ƙarshensa kafin la'asar.

Mijinta Gaiya shi ke kula da ɗan lambun da ke gefen gidansu. Da ya rasu, ya bar gwangwani uku na iri: alayyafo, furannin da ake ƙawata coci da su, da wata gajeriyar kuɓewa da ya gada wajen mahaifiyarsa a Gwada. Shekara talatin yana ɗebe irinta da hannunsa.

Tun da aka binne shi Theresa ba ta leƙa lambun ba. Sai da aka sa ranar addu'ar cika shekara a watan Mayu, ta ce lallai baƙi su tarar da wurin kore shar.

A ƙarshen Maris aka yi ruwa guda mai ƙarfi. Washegari ta fito da fartanya. Maƙwabcinta Malam Abdulhafiz, wanda ke noma a Beji, ya zo wucewa ya tsaya, ya kira ta da sunan 'yarta.

"Maman Goodness, ba dai shuka za ki yi ba? Wannan ruwan ba na damina ba ne. Tona ki gani, ƙasan a bushe yake."

"Malam, idan na jira, ba za su tashi kafin Mayu ba."

"To ki raba irin biyu, ki ajiye rabi."

"Rabi ba zai cika wurin ba," in ji ta.

Ta shuka duka, har ta kakkaɓe gwangwanayen.

Kwana biyar tsiro ya fito. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe, sati uku babu ko yayyafi. Famfo ya ɗauke, rijiya ta ƙafe. Ruwan da take saye wajen masu kura, tana zubawa ƙasa na shanyewa. Alayyafon ya fara kwanciya, furannin suka bi. Kuɓewar ce ta daɗe, ita ma wata safiya ta tarar ta ƙone.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon kunyoyin, ba ta jin komai. Ta koma ciki ta ɗora ruwan shayi, ta manta da shi.

Damina ta sauka sosai a ƙarshen Afrilu. Kowa ya fita shuka, ita tana zaune a baranda.

Ranar addu'a, bayan baƙi sun watse, 'yarta Goodness da ta zo daga Kaduna ta zauna kusa da ita.

"Mama, na gyara wuri a bayan gidana. Ki ɗiba mini irin kuɓewar Baba, ko ƙwaya goma."



"Babu," in ji Theresa.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙasa ba ta bin ranar da mutum ya sa wa kansa. Ruwan farko ba shi ne damina ba, kuma wanda ya san wuri idan ya ce a dakata, a saurare shi. Abin da ba za a iya sake samu ba, kada a zuba shi gaba ɗaya a kan gaggawa.