Kurege da Igiyar da Ta Sha Man Shanu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu ƙara matsowa.

To ku matso. Kurege ne ya hango zuma a wata tsaga, a tsakiyar fuskar wani dogon dutse. Ta ƙasa ba ta hawuwa, ta sama kuma sai da igiya. Kwaɗayi ya hana shi sukuni. Ya lallaɓa rijiyar makiyaya ya ɗauke igiyar gugansu. Ta fatar sa ce, kullum ana shafa mata man shanu don kada ta bushe ta tsage.

Ya zagaya ta baya ya hau dutsen, ya tarar babu ko kututturen da za a ɗaura igiya. Sai ya nemo Kura.

Ya ce, "Yaya Kura, duk dajin nan babu mai haƙoranki. Cije mini bakin igiyar nan in sauka in ɗebo mana zuma. Rabi naki, rabi nawa."

Ƙarya yake yi, ɗan nema. Shirinsa in ya cika ƙwarya ya bi jelar igiyar ya dire ƙasa, ya bar ta da cizon fata har rana ta faɗi.

Kura ta cije. Kurege ya sauka da bakin wutarsa, ya naɗe igiya a ƙugu, ya yi wa ƙudan zuma hayaƙi suka bugu. Ya yanko saƙar zuma ya cika ƙwarya, yana reto yana lasar yatsu.

Can sama kuwa rana ta take. Man shanu ya narke, ya gangara maƙogwaron Kura. Ku faɗa mini, wane mai hankali ne zai ba kura ajiyar fata? Ta ce bari ta ɗan tsotsa. Daga tsotsa sai haɗiya, daga haɗiya sai wata haɗiyar.

Kurege ya miƙa hannu zai ƙara, sai ya ga tsagar ta koma ƙarƙashin ƙafarsa.

"Yaya Kura, ja kike yi?"

Ta ce da cikakken baki, "Riƙewa nake, ƙanena."

Ya ƙara yin sama.

"Yaya Kura, ja kike yi?"

"Riƙewa nake, ƙanena."

Ya duba ƙasa, jelar igiya ta bar ƙasa da nisa. Ya duba sama, sai ga haƙora, igiya tana shigewa tsakaninsu kamar taliya. Ya san bakin da ya haɗiye igiya ba zai tsaya tantance kurege ba.

Ya dubi zumarsa, ya ji kamar ya yi kuka. Haka nan ya kwashe saƙar duka, da bugaggun ƙudan a ciki, ya manna ta a igiya sama da kansa. Ya kwance ƙugunsa ya ja baya zuwa jela.

"Yaya, ga rabinki nan tafe. Kada ki tauna, daɗin a ciki yake."

Kura ta haɗiye. Ɗumin ciki ya tashi ƙudan nan daga maye, suka kama aikin harbi. Ta yi tsalle, ta yi birgima, ta amayo igiyar nan gaba ɗaya, sai ƙullin ƙarshe da ya maƙale a haƙorinta. Igiya ga mai, ga zuma, ga yawu, ina wurin riƙo? Kurege ya tafi zurrr, tana gogar haƙarƙarinsa, har ya faɗa tim cikin ƙarangiya.

Wai daga wannan zurrr ɗin ne aka samo zurarowa. Haka kakata ta ce, ni ban je ba. Amma in kun ga kurege ku duba gefensa, farin zanen igiyar yana nan.

Kura ta leƙo da kumburarren baki ta ce, "Ƙanena, nawa rabin ya iso. Hawo ka karɓi naka."

Kurege yana cire ƙarangiya daga gindi ya ce, "Na bar miki, Yaya. Ni na ƙoshi."

Ranar ya haƙa rami ya shige, kuma bai sake neman abincin da ya fi kansa tsawo ba.

Ƙurunƙus kan kusu, jelar ta kurege ce. Duk wanda zai sauka da igiya a cikinku, ya fara tambayar mai riƙon ko ya karya kumallo.