Wa Zai Ƙwanƙwasa Ƙofar Zenoviy?

Akwai wani mutum a garinmu mai suna Zenoviy, yana da babban ɗakin sanyi inda yake ajiye nama da cuku. Tun da yaƙi ya zo, makamai suka riƙa faɗa wa tashoshin lantarki, kowa ya koyi zama da kyandir. Shi kuwa ya sayo ƙaton janareta, ya jona shi kai tsaye a wayar gidansa.

Kawu Myron, shugaban masu gyaran wuta, ya je har gida ya roƙe shi ya riƙa kashe babban makunni kafin ya tayar da injin. In bai yi haka ba, wutarsa za ta bi waya ta koma kan falwaya, inda mutane ke aiki suna zaton babu wuta.

Zenoviy bai ko ajiye cokalinsa ba. Ya ce, "Kawu, ku da kuka kasa ba mu wuta, ku ne za ku koya mini kunna tawa? Je ka hau falwayarka."

Cikin masu gyaran akwai Ostap, mutum mai yawan barkwanci. Shi ne ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: duk ranar da za a dawo da wuta, yakan bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana cewa a kashe janareta kada wuta biyu su haɗu. Har ƙofar Zenoviy yakan buga, ko da zagi zai samu.

Wata safiya bayan an kai hari, ƙanƙara na zuba, Ostap ya hau falwayar layinmu. Ya gwada waya, babu wuta, ya kama aiki. A daidai lokacin Zenoviy ya tayar da injinsa ba tare da ya kashe makunnin ba.

Ostap bai mutu ba, amma likitoci sun yanke hannayensa biyu.

Ko asibiti Zenoviy bai leƙa ba. Cewa ya yi a kasuwa ai yaƙi ne, kowa na rasa wani abu.

Aka ɗauki lokaci layinmu na cikin duhu kafin sabuwar taransifoma ta iso. Ranar da aka gama haɗa ta, matan unguwa suka sanar da juna ta kan katanga, kowa ya kashe abin da zai kashe. Gidan Zenoviy kaɗai ba wanda ya tunkara. Kawu Myron ya tsaya yana jin rugugin injin daga nesa, ya tabbatar babu kowa a ɗakin sanyin, sannan ya ba da wuta.

Janaretan ya yi wata ƙara, ya kama da wuta. Kafin masu kashe gobara su iso, ɗakin sanyi da duk abin da ke ciki sun zama toka. Unguwa ta cika da ƙaurin nama, mutane na tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya ɗauki bokiti.

Zenoviy ya zo da gudu, ya ci kwalar Kawu Myron. "Me ya sa ba a ƙwanƙwasa mini ba? Kullum ana ƙwanƙwasawa!"

Kawu Myron ya cire hannun Zenoviy daga kwalarsa a hankali, ya nuna motar aiki. "Ai mai ƙwanƙwasawar yana nan, maƙwabci. Tambaye shi."

Ostap na zaune a gaba, matarsa na ba shi shayi a baki. Ya ɗago dungulmin hannayensa biyu, ya ce, "Yi haƙuri, Zenoviy. Na so in zo."

Ban ji tausayin Zenoviy ba, har yau ma ban ji ba.

Darasi: Wanda yake wahala don ya kare ka, kada girman kai ya sa ka cutar da shi, domin ranar da za ka neme shi ba za ka same shi yadda ka san shi ba. Ku tura wannan labari ga duk mai janareta da kuka sani.