Sarkin da Bai Taɓa Karya Lamba Ba

An ce wani sarki ya yi zamani a ƙasar Jamus, mai yawan igwa, mai ƙarancin haƙuri. Yana da wani janar ana ce da shi Otmar Brandau, ɗan maƙeri, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya bar idonsa na hagu a bakin daga, ya ci wa sarki birni uku tun furfura ba ta fito masa ba. Mutum ne miskili, ko matarsa ba ta san sautin dariyarsa ba.

Da yaƙi ya shiga shekara ta huɗu, abokan gaba suka yi wa rundunarsa ƙawanya a wani birni, cikin sanyi mai daskarar da yatsu. Abinci ya ƙare, har aka koma yanka dawakan jan igwa. Sarki kuwa, yana zaune yana jin ɗumi abinsa, ya aika cewa kada kowa ya ja da baya ko taku ɗaya. Otmar ya bi umarni kwana arba'in, mutanensa na ta zuba. Rana ta arba'in da ɗaya ya kwashi sauran ya ƙetare kogi da su, ya bar birnin.

Sarki ya hasala. Ya yanke cewa cikin kowane mutum goma da suka dawo a harbe ɗaya a bariki, ƙarfe goma sha biyu na rana, janar kuma ya bi bayansu. Da hantsin ranar aka kawo Otmar fada. Ba ransa ya zo roƙo ba, na sojojinsa ne.

Sarki ya ce, "Gaya mini, soja na wane ne?"

Otmar ya ce, "Ya sarki, da ransa naka ne, in ya mutu na uwarsa ne."

"To mene ne sakamakon wanda ya juya wa sarkinsa baya?"

"Mutuwa, ya sarki. Amma mutum ɗaya ne ya juya maka baya, ga shi tsaye. Su umarnina suka bi, kamar yadda na bi naka."

Sarki ya ce, "Hukunci ya fita, ba ya komawa. Roƙi wani abu daban."

To, a sojan ƙasar akwai wata al'ada. Kowane soja yana rataye da lambar kwano a wuya, da tsaga a tsakiyarta, sunansa sama da ƙasa. In ya mutu, shugaban da ya tura shi ne zai karya ta da hannunsa, rabi a binne da gawa, rabi a kai wa iyaye. Sai Otmar ya ciro tasa ya miƙa.

Ya ce, "Ya sarki, shekara talatin ina karya waɗannan, dubi yatsana ya yi kanta. Ni ba ni da shugaba sai kai. Karya tawa yanzu, kada al'ada ta ɓaci a kaina."

Sarki ya yi murmushin raini ya karɓa. Bai taɓa riƙe irinta ba, shi dai takarda ake kawo masa a ce an yi asara. Ya ji ta da ɗumin ƙirjin mai ita, shafal kamar marfin gwangwani. Ya ɗan danna, ta fara lanƙwasa. Ya ɗaga kai, ga mutum yana numfashi, yana kallonsa da ido ɗaya.

Sarki ya ce, "Haka take da sauƙin karyewa?"

Otmar ya ce, "Ta farko ce mai wuya, ya sarki. Wadda na fara karyawa ta wani ɗan manomi ce, Yobst, har yau ina ganin fuskarsa. Abin tsoro shi ne hannu ya saba. Ranar da na karya ɗari uku ban ji komai a raina ba, ranar na ce a ƙetare kogi."

Sarki ya daɗe yana juya lambar. Kaico, da ma ya rage jinkirin nan! Can ya ɗago ya daka tsawa a hau doki a je a tsayar da harbi. Manzo bai kai ƙofar gari ba ƙararrawar coci ta buga sha biyu, aka ji ƙarar bindigogi daga bariki, aka sake ji, aka kuma sake. Hafsan barikin ya ga abin da ya sami wanda ya saɓa umarni, bai ƙara ko minti ɗaya ba.

Otmar ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya sarki, yi mini izini in je in karya nasu kafin a harbe ni."

Sarki ya ce, "Ba za a harbe ka ba, kuma ba kai ka tura su ba. Ni ne."

Ya sauko daga karaga ya taka da ƙafa har bariki. Ya durƙusa gaban gawarwakin yana karanta suna yana karyawa, har yatsunsa suka yi jini, babu wanda ya taya shi. Da ya gama ya kasa miƙewa, ya dubi fadawansa ya ce, "Sarkin da ya yanke wa mutum hukunci bai ga fuskarsa ba, ba shari'a ya yi ba, kisa ya yi."