Gafiya Ta Toshe Rariya

Gatanan gatananku!

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Hadari ya haɗo. Kwaɗo ya tarar da Gafiya, uwar dabara, tana toshe rariyar gidanta da laka, kada ambaliya ta shigo ta cinye mata gero.

Ya ce, "Yaya Gafiya, ruwan da zai sauko daga sama fa, ta ina zai fita?"

Ta ce, "Mai kwana a kududdufi ne zai koya mini gini?"

Aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida ta cika, rumbu ya zube. Kwaɗo ya zo jaje, ya same ta bisa katanga, gero na iyo.

"Sannu, Yaya. Ambaliyar ta shigo ne?"

"Ina! Ko ɗigo. Wannan duk namu ne na gida."

Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma a jiƙe.