Doña Fermina Da Alƙawarin Wata Uku

Akwai wata dattijuwa a garinmu, can saman duwatsun Boliviya, ana ce mata Doña Fermina Ticona. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana sayar da api, kunun nan namu na jar masara, a bakin dandalin tsakiyar gari. Matan da ke kasa kaya a wurin sun haura ɗari: masu dankali, masu soyayyen nama, masu mayafan ulu. Duk mai maganar da yake son gari ya ji, nan yake zuwa, don nan jama'a suke.

Cikin masu zuwa akwai wani malamin makaranta, Rómulo Achá. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, sai ya tsaya ya yi ta magana kan famfunan unguwanni da suka kafe. Mutane kunu da nama suke zuwa saye, amma sai su tsaya su saurare shi.

Fermina takan miƙa masa kofin api ta ce, "Malam, jiƙa maƙoshi kafin ka ceci duniya. Muryar nan taka kamar ta zakaran da mura ta kama."

Wata rana 'yan sanda suka zo kama shi. Matan suka turo kurayen kayansu suka kewaye shi. Fermina ce ta sha kulki a kafaɗa, har yau hannun ba ya ɗaguwa sosai. Da matarsa ta haihu, ita ya roƙa ta riƙe jaririyar a coci ranar baftisma. Daga ranar ya koma kiranta komadre, tana ce masa kompadre, zumuncin da mu nan ba ma wasa da shi.

Da ya fito takarar magajin gari, matan dandali ne suka ɗauke shi a ka. Ya kuma ci.

Bayan wata shida ya zo da kansa, ya zauna a bencinta kamar da.

Ya ce, "Komadre, zan gyara dandalin nan. A shimfiɗa dutse, a kawo muku ruwa, a yi rumfuna masu kyau. Amma sai kun matsa bayan tashar mota. Wata uku kawai. In ni na faɗa za su yi gardama, ke ce suke jin maganarki."

Ta dube shi ta ce, "Za mu dawo?"

"Ki riƙe 'yata a gaban Allah, sannan in yi miki ƙarya?"

Haka Fermina ta bi matan ɗaya bayan ɗaya. Aminiyarta Casilda, mai dankali, ta ce, "Ni fa ban yarda da aikin da ba takarda ba."

Fermina ta ce, "Ni ce takardar. In ba mu dawo ba, ki tofa min yawu."

Suka kwashe kaya ba tare da an ɗaga wa kowa sanda ba.

Wata uku ya zama bakwai. Ranar da aka cire langa-langar da ta rufe wurin, Fermina ta je da sassafe. Dutse dai an shimfiɗa, ruwa ma ga shi yana tsiri a tsakiya. Amma an zagaye dandalin da shingen ƙarfe. Inda rumfunansu suke, wani kamfani ya jera shagunan gilashi da kujerun shan kofi. A ƙofa an kafa allo: ba a talla, ba a kasa kaya, ba a taro sai da izinin ofishin magajin gari.

Ta sa wani mai wucewa ya karanta mata allon sau biyu, ko da kuskure.

Da ta koma bayan tasha, labari ya riga ta. Casilda ba ta tofa mata yawu ba. Ta dai ɗauke buhunan dankalinta daga kusa da ita, ta koma can ƙarshen layi. Wata ta ce a bayan idonta, amma yadda za ta ji, "Ko me aka ba ta oho."

Kwana uku Fermina tana zarya a ofis kafin a shigar da ita. Rómulo ya taso da fara'a.

"Komadre, gari ya girma. Baƙi na zuwa. Ba za a ci gaba da soya nama a gaban coci ba."

"A cikin hayaƙin naman nan ka yi suna, kompadre. Wanda ya ce ba a taro, a ina aka san shi?"

Ya jawo wata takarda. "Ke ban manta da ke ba. Akwai ɗan shago guda a ciki, na sa an ajiye miki. Ki sa hannu kawai."

"Sauran fa?"

"Sauran za su saba."

Ta daɗe tana kallon takardar. Gwiwoyinta sun gaji da laka da hayaƙin mota, kuma ta san shagon zai riƙe ta har ƙarshen rayuwarta. Sai ta ture masa abarsa.

"Ka ari bakina ka kori mata ɗari, yanzu kana so ka saye shi ka rufe. Ka gaida min 'yata."

Ta koma ta tara matan, ta faɗa musu komai, har da maganar shagon. Ta ce, "Ni na kawo ku nan. Ku yafe min." Wasu suka yarda, wasu ba su yarda ba. Casilda sai da ta shekara kafin ta amsa gaisuwarta.

A hankali masu saye suka biyo su bayan tasha. Masu ƙorafin ruwa da na hanya su ma suka koma can, don dandali ya zama sai tantabaru da masu gadi.

Da zaɓe ya zagayo, Rómulo ya kira taro a dandalinsa. Ma'aikatan ofishinsa ne kawai suka cika kujerun gaba. Washegari sai ga shi bayan tasha da lasifika, ya cire kwat, ya naɗe hannun riga.

Bai gama gaisuwa ba matan suka ja ledoji suka rufe kayansu, suka juya masa baya, suka zauna. Ba zagi, ba jifa. Masu saye suka watse. Ya yi magana kamar minti biyar, sai ya kashe lasifikar. Ya taka zuwa wurin Fermina.

"Komadre, ki yi musu magana. Wannan karon zan gyara."

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Sun ji maganata sau ɗaya. Ka ga inda ta kawo su."

Ya faɗi zaɓe, faɗuwa mai muni. Amma matan ba su koma ba. Sabon magajin gari ya ce an ba kamfanin wurin na shekara ashirin, ba yadda zai yi.

Doña Fermina tana nan bayan tasha. Gidanta yana can gaba da dandali, hanyar da ta ratsa dandalin ce mafi kusa. Kullum da yamma sai ta tura kurarta ta bi ta bayan asibiti, tafiyar rabin awa ƙari, da hannu ɗaya mai ƙarfi.

Darasi: Duk wanda talakawa suka ba wuri ya tsaya har aka ji muryarsa, kada ya hau sama ya rufe musu wurin. Kai kuma da mutane suka yarda da kai, ka tuna yardar nan amana ce, kada ka ara wa mai mulki ita a kan alƙawarin baki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman shugabannin 'yan kasuwa da masu neman ƙuri'armu.