Kamfanin Kawu Labo

Hashimu ɗan kwangila ne a Cadawa, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya aiki ba. Yana da gireda ɗaya ta baje hanya da kamiyo biyu na ɗaukar kaya, ya zuba jar ƙasa a hanyoyi da dama ba a taɓa kuka da shi ba. Aibinsa guda ne: bai yarda cewa abu zai zo masa ta hanyar da kowa ke bi ba. Ko layin shan mai ya tarar, sai ya nemi ta inda zai zagaya.

Kawunsa Labo ne ya rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Labo manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gangara, bai yi lakol ba balle ya iya karatun boko, kuma duk abin da Hashimu ya ce masa ba ya tambayar dalili.

Wata shekara, bayan an gama kaka, aka yi shelar kwangilar gina hanyar da za ta haɗa ƙauyen su Labo da kasuwa, har da gada a kan kwarin da ke yanke mutane duk damina. Ka'ida a fili take. Kowane kamfani tayi ɗaya zai kawo cikin ambulan a liƙe. Ba a yarda mutum ɗaya ya shigo da suna biyu ba. Ranar buɗewa kuma a gaban jama'a za a karanta komai.

Hashimu ya shirya tayinsa da kyau. Amma sai ya ji raɗe-raɗin cewa masu nema ba su da yawa, kuma idan suka yi kaɗan za a ƙara wa'adi. Hankalinsa ya tashi. In aka ƙara wa'adi, manyan kamfanonin Maraɗi za su ji labari su shigo. Sai ya yanke shawarar ƙirƙiro wa kansa abokin takara, wanda zai sa farashi mai tsada don nasa ya fito da sauƙi.

Ya hau mota ya tafi ƙauye.

"Kawu, ba ni katinka na ɗan ƙasa. Takin zamani za a raba, ina so in sa sunanka."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana," in ji Labo. Ya ɗauko katin, ya kuma dangwala yatsa a duk inda aka nuna masa.

Da wannan Hashimu ya haɗa takardun wani kamfani mai suna Labo da 'Ya'yansa, ya aika da ambulan ɗin ta hannun wani.

Ranar buɗewa ɗakin taro na buron magajin gari ya cika. Shugabar kwamitin, Madam Farida, mace ce mai magana a hankali, ba ta son a katse ta. Hashimu ya zauna a gaba. Da ya dubi tebur sai ya ga ambulan biyar. Ashe masu nema sun isa ko babu na ƙaryar. Amma ya ce a ransa ba komai.

Yana juyawa ya hangi dattawan ƙauye suna shigowa. Sun zo su ji wanda zai gina musu hanya. A tsakiyarsu ga Kawu Labo da sandarsa, yana ɗaga masa hannu yana murmushi.

Hashimu ya so ya tashi ya ja tsohon waje, amma an riga an rufe ƙofa an fara.

Aka buɗe na farko, aka buɗe na biyu. Na uku shi ne na Hashimu, kuma farashinsa ya fi na baya sauƙi. Wani na kusa da shi ya taɓa shi ya ce, "Kai, da alama taka ce." Hashimu ya waiwaya ya dubi kawunsa.

Madam Farida ta yage na huɗu.

"Kamfanin Labo da 'Ya'yansa. Mai shi, Labo Idrisa, na ƙasar Gangara."

Dattawan suka juya gaba ɗaya suka dubi Labo. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. "Labo, yaushe ka yi kamfani ba mu sani ba?"

Madam Farida ta ɗago kai. "Yana nan ne? Baba, taso mu gan ka."

Labo ya miƙe yana dafa sanda.

"Baba, an rubuta nan kana da gireda da kamiyo uku. Haka ne?"

"Ni? Ɗiyata, amalanke gare ni da jaki guda."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"To wa ka ba katinka? Wa ya sa ka dangwala hannu?"

Labo ya buɗe baki, sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan Hashimu. Hashimu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Nan tsohon ya gane komai. Ya juya ya dubi Madam Farida.

"Na manta," ya ce.

"Baba, ka yi tunani. In ba ka faɗa ba, laifin a kanka yake, kuma jandarma za su tafi da kai."

"Su tafi da ni. Na manta."

Jandarman da ke bakin ƙofa ya matso ya tsaya kusa da tsohon. Kalma ɗaya daga bakin Hashimu ta isa ta fitar da kawunsa. Bai faɗe ta ba.

Madam Farida ta sake duba takardun. "Akwai lambar waya a nan. Bari mu ji wa zai ɗauka."

Ta danna lambar. Sai ƙarar waya ta tashi daga aljihun rigar Hashimu. Ya danne aljihun da hannu, wayar ta ci gaba da kuka, kowa na kallonsa.

Aka saki Labo, aka tafi da Hashimu. Da aka kammala bincike, ya tabbata cewa tayinsa na gaskiya shi ne ya fi kowanne sauƙi da inganci, kuma da shi za a ba aikin. Aka soke tayin, aka hana shi neman kwangilar gwamnati na shekaru. Binciken ya ci lokaci, ruwa ya sauka kafin a ba wani. Daminar nan ma sai da mutanen ƙauye suka riƙa ratsa kwari da kaya a ka, wasu buhunan wake suka ruɓe a gida. Hashimu ya sayar da gireda, daga baya kamiyo suka bi.

Da ya samu kansa ya tafi ƙauye neman gafara. Ya tarar da Labo a gona, ya durƙusa.

"Kawu, ka yafe mini abin da na yi da sunanka."

Labo bai daina noma ba. "Na suna na yafe tun a can. Wanda ke hana ni barci daban ne. Jandarma ya tsaya a kaina, na dube ka, kai kuma kana duban takalminka."

Hashimu ya jima a durƙushe, tsohon ya kai ƙarshen kunyar da yake nomewa ya juyo bai sake kallonsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ka'idar takara ba don a wahalar da kowa aka kafa ta ba, an kafa ta ne don mai cancanta ya samu, jama'a kuma su amfana. Wanda bai yarda da gaskiyarsa ba har ya haɗa ta da maguɗi, yakan rasa abin da dama nasa ne. Kuma cutar ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai: takan faɗa wa mutanen da ke jiran aikin, ta kuma fara da wanda ya fi kowa amincewa da shi.